Haɗa Maganin Ƙarancin Jini Daga Sitacin Tsirrai

Jinin ɗan Adam yana buƙatar sinadarin ƙarfe domin ƙera hemogulobin, wato jan sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa daga huhu zuwa sassan jiki. Idan ƙarfen ya yi kaɗan sai mutum ya riƙa jin kasala da jiri da haki, tafin hannunsa da cikin idonsa su yi fari. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, haka kuma kashi 68 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Maganin da aka fi bayarwa a asibitoci shi ne ƙwayar feros salfet. Tana da araha kuma tana aiki, amma takan jawo tashin zuciya, ciwon ciki da taurin bayan gida, har wasu mata masu juna biyu su daina sha tun kafin jininsu ya dawo. Wannan ne ya sa masana harhaɗa magunguna suka nemi hanyar lulluɓe ƙarfen da wani abu mai sauƙi ga ciki.

Abin da ake lulluɓawa da shi dogon zaren sikari ne da ke cikin tsirrai, irin wanda ya haɗu ya zama sitacin masara ko na rogo. Masana suna kiransa folisakarayid. Da farko ana tafasa tsiron a ruwa, a tace, a zuba sifirit domin zaren ya kwanta a ƙasa. Idan kuwa sitaci ne sai a yayyanka shi da sinadari ya gajarta. Sannan a narkar da shi tare da gishirin tsamin lemo, a ɗumama ruwan ba tare da ya tafasa ba, a riƙa ɗiga ruwan gishirin ƙarfe da ruwan sodar sabulu a hankali ana motsawa. Nan ne gwanintar take. Idan aka yi gaggawa, ko aka kuskure ma'aunin tsami, ƙarfen zai dunƙule ya zama laka mai kama da tsatsa, wadda ba ta da amfani. Idan aka daidaita, kowace ƙwayar ƙarfe za ta shige cikin rigar sikari, ruwan ya koma ja mai duhu. Daga nan a wanke, a busar, a auna yawan ƙarfen, a mayar da shi ƙwaya ko ruwan sha.

Saboda wannan rigar, ƙarfen yana fita ne kaɗan-kaɗan a cikin hanji, kuma ƙarnin ƙarfe ba ya damun baki sosai. Sai dai sauƙinsa ba ya nufin ya fi ƙarfi. A wani gwaji da aka yi a birnin Dallas na Amurka, aka buga sakamakonsa a 2017, yara 80 sun sha magungunan biyu na mako 12, kuma jinin waɗanda suka sha feros salfet ya fi saurin ƙaruwa. Ga shi kuma ya fi tsada. Don haka ya fi dacewa da wanda cikinsa ya kasa ɗaukar tsohuwar ƙwayar.

Ya kamata jama'a da jami'an lafiya na ƙananan hukumomi su lura cewa ba a haɗa wannan magani a gida, kuma kada a sayi wanda ba shi da lambar hukumar NAFDAC. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai juna biyu ta riƙa samun miligiram 30 zuwa 60 na ƙarfe kullum tare da folik asid. A gwada jini kafin a fara, domin zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki su ma suna rage jini, kuma mai ciwon sikila da ake yawan yi wa ƙarin jini yana iya samun ƙarfe fiye da kima a jikinsa. Shayi yana hana jiki tsotsar ƙarfe, lemo kuwa yana taimakawa. A ajiye kwalbar inda yara ba za su kai ba, saboda shan sa da yawa guba ne a gare su.