Gyaran Gidan Ƙasa Kafin Saukar Damina

Yawancin gidajen Tsibiri, da na Jiratawa, da na tsofaffin unguwannin Maradi, da ƙasa aka gina su. Ginin ƙasa yana da sanyi a lokacin bazara, yana da ɗumi a lokacin hunturu, kuma kayan aikinsa suna kusa da mu. Babban abokin gabarsa shi ne ruwa. A shekarar 1945 ambaliyar Gulbin Maradi ta rushe tsohon garin Maradi da ke cikin fadama, har aka mai da garin kan tudu. A daminar 2024 kuma, jihar Maradi tana cikin wuraren da suka fi shan wahala a Nijar: gidaje masu yawa sun faɗi, an kuma rasa rayuka. Ba kowace ambaliya ake iya tarewa ba, amma yawancin ɗakunan da ke faɗuwa sukan nuna alama tun da wuri. Wannan shafi zai nuna maka abin da za ka duba, da yadda za ka gyara da hannunka.

Yaushe ya kamata a fara?

Ruwa yakan sauka a wajenmu daga watan Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta. Don haka ka fara aiki a watan Maris ko Afrilu, domin yaɓe ya bushe sarai kafin ruwan fari. Ka ɗauki littafinka da alƙalami, ka zaga gida ɗaki bayan ɗaki, ka rubuta duk ɓarnar da ka gani. Da wannan rubutu za ka san abin da za ka saya da abin da ya fi gaggawa.

Rufin soro

Ka hau da tsani mai ƙarfi, wani ya riƙe maka. Ka share ganyaye da tarkace, ka tumɓuke ciyawa, domin saiwarta tana buɗe wa ruwa hanya. Ka lura da wurin da ya lotsa: nan ruwa yake kwanciya, daga nan kuma yoyo yake farawa. Ka cike wurin, ka daɓe shi, ka karkata shi zuwa wajen indararo.

Akwai kuskuren da mutane da yawa suke yi. Kowace shekara sai su ƙara sabuwar ƙasa a kan tsohuwa, har rufin ya yi wa azara nauyi. Idan wannan ƙasa ta sha ruwa, nauyinta yana ƙaruwa, azara ta karye. Ka kankare tsohon yaɓen da ya saki kafin ka sa sabo.

Daga cikin ɗaki, ka ƙwanƙwasa kowace azara da sanda. Wadda ta yi ƙara kamar ganga, ko take zubar da gari, gara ko wasu ƙwari sun cinye cikinta. Ka tokare ta da itace mai ƙarfi nan take, sa'an nan ka nemi magini ya canza ta.

Idan rufinka na kwano ne, ka shiga ɗaki da rana ka rufe ƙofa. Duk inda haske ya ratso, akwai huda. Ka toshe ta da kwalta da ɗan ƙyalle, ka maye gurbin ƙusoshin da suka saki, domin iskar farkon damina tana yaye kwano.

Indararo

Ka zura sanda ka fitar da abin da ya toshe shi. Ka yaɓe gefensa da kyau, domin a nan ne ruwa ya fi sulalewa cikin bango. Bakinsa ya zarce bango da kamar kamu ɗaya, wato rabin mita. Inda ruwan yake zuba a ƙasa, ka jera duwatsu ko fasassun bulo, don kada ya haƙa rami ya fantsama a gindin gini.

Bango da tsaga

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka ruwa ma. Ƙaramar tsaga wadda take a kan yaɓe kawai, kai ma za ka iya gyara ta:

1. Ka ɗan buɗe ta da wuƙa, ka share ƙurar.
2. Ka yayyafa ruwa, domin sabon kwaɓi ba ya kama busasshen bango.
3. Ka cusa kwaɓi har ciki, ka danna da hannu.
4. Ka bari ya sha iska, sa'an nan ka shafe sama.

Tsagar da ta ratsa bango har ana hango haske, ko wadda ta raba kusurwa biyu, daban take. Ka liƙa ɗan yaɓe a kanta, ka rubuta ranar. Idan bayan mako biyu ya sake tsagewa, bangon yana motsi ne. Wannan aikin magini ne, ba a rufe shi da shafe.

Yadda ake haɗa kwaɓi

Ka haɗa jar ƙasa da yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, da kashin shanu ko na jaki. Ka zuba ruwa, ka tattake, ka bar shi ya kwana uku ko fiye, kana juyawa. Kafin ka yi aiki da shi, ka gwada a ɗan wuri kamar tafin hannu. In ya bushe ya tsattsage, laka ta yi yawa, sai ka ƙara yashi. In yana marmashewa, yashi ya yi yawa, sai ka ƙara laka. Magina na da suna amfani da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, domin tana sa yaɓe ya jure ruwa.

Ka yi hattara da siminti. Ba ya manne wa bangon ƙasa sosai. Idan ya tsage, ruwa yana shiga bayansa ya kasa fita, bango ya riƙa narkewa a ɓoye alhali fuskarsa tana da kyau. In kana da irin wannan shafe, ka ƙwanƙwasa shi. Inda ya saki, ka cire ka gyara.

Gindin gini

Bango yakan fara lalacewa daga ƙasa. Ka tara birji ko jar ƙasa a gindinsa, ka daɓe, ka karkata ta yadda ruwa zai gudu daga jikin ginin. Ka yashe magudanar tsakar gida har zuwa waje. Ka yi shawara da maƙwabta, kada ruwan gidanka ya zuba a bangon wani. Kada ka haƙa ramin ƙasa ko na wanka a jikin katanga, kada kuma ka jingina kara ko itace a bango, domin su ne tsanin gara.

Alamun da za su sa a fita daga ɗaki

Idan damina ta yi nisa, ka ga ɗaya daga cikin waɗannan, ka fitar da iyali ba tare da jinkiri ba:

- bango ya karkata ko ya kumbura;
- ƙasa tana zubowa daga rufi, ko azara tana ƙara;
- ƙofar da take rufuwa da sauƙi ta fara cijewa;
- ruwa ya kwanta a gindin bango har ya yi taushi.

Kada a kwana a irin wannan ɗaki, ko da dare ya yi, musamman yara da tsofaffi. Kada a tsaya kwashe kaya. In akwai wayar lantarki a jiƙaƙƙen bango, ka kashe wuta daga mita, ka kira ma'aikacin lantarki.

Idan ka gama karanta wannan shafi, ka karanta wa mutanen gidanka da maƙwabtan da ba su iya karatu ba tukuna. Ku haɗa hannu ku yi gayya: yau rufin wannan, gobe katangar wancan. Allah ya ba mu damina mai albarka.