Dutsen Patti: Tudun da ake hango mahaɗar Neja da Binuwai

Dutsen Patti tudu ne mai shimfiɗaɗɗen kai da ke bayan garin Lakwaja, babban birnin Jihar Kogi. Tsayinsa ya kai kimanin mita 458 daga matakin teku, kuma kalmar "patti" a harshen Nufanci tana nufin tudu. Mai ƙarfin gwiwa yakan hau shi ya sauko cikin safiya ɗaya. Amma abin da idonsa zai gani daga can sama ya ƙunshi tarihin kafuwar Nijeriya da kuma barazanar da ke fuskantar mazauna bakin kogi a yau.

Yanayin dutsen da hawansa

Jikin tudun dutsen yashi ne, samansa kuwa marmara ce mai tauri. Wannan marmara ita ta hana ruwan sama zaizaye kan tudun, shi ya sa ya kasance a baje kamar faifai. Akwai hanya mai lanƙwasa da ta tashi daga cikin gari zuwa sama, wadda mota ke iya bi, matasa kuma kan taka ta da ƙafa domin motsa jiki. Lakwaja gari ne mai zafi, saboda haka an fi son a kama hanya da sassafe, da ruwan sha a hannu da takalmi mai riƙe ƙasa. Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen damina, sa'ad da kogi ya cika, sararin sama kuma ya washe. Da hunturu hazo kan rufe komai, mai hawa ya sha wahala a banza.

Abin da ake hangowa

Daga bakin tudun ana ganin inda manyan koguna biyu suka haɗu. Neja, wanda Hausawa ke kira Kwara, ya taso daga tsaunukan Gini, tsawonsa kimanin kilomita 4,180. Binuwai kuwa ya gangaro daga tuddan Adamawa na Kamaru, tsawonsa kimanin kilomita 1,400. Daga nan suke tafiya tare zuwa Tekun Atilantika. Wannan haɗuwa ce farin zane mai rassa uku da ke tsakiyar tambarin Nijeriya yake wakilta.

Tarihin da ke ƙarƙashin tudun

Wanda ya tsaya a nan zai gane dalilin da ya sa Turawan Ingila suka fara kafa sansani a Lakwaja. A zamanin da jirgin ruwa ne babbar hanyar shiga ƙasar, wanda ya riƙe mahaɗar ya riƙe ƙofar Arewa. William Baikie ya kafa zangon ciniki a wurin wajen 1860, daga baya kamfanin Royal Niger ya mayar da shi cibiya. A ranar 1 ga Janairu, 1900, aka ɗaga tutar Birtaniya a Lakwaja, Frederick Lugard ya karɓi mulkin Arewa daga hannun kamfanin. Gidan hutawar da ake dangantawa da shi yana kan tudun har yanzu.

Ana yawan cewa a kan wannan dutse Flora Shaw ta ƙirƙiro sunan Nijeriya tana kallon kogi. Tarihi bai goyi bayan haka ba. Ta ba da shawarar sunan ne a jaridar The Times ta Landan ranar 8 ga Janairu, 1897, shekara biyar kafin aurenta da Lugard a 1902, wanda shi ya kawo ta ƙasar.

Akwai wani tarihin a gindin dutsen da ba a cika ambatonsa ba. Lakwaja ce wurin da Turawa suka tsare sarakunan da suka tuɓe. Sarkin Kano Alu Babba, wanda aka kama a 1903, a nan ya rasu a 1926. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, marubucin waƙoƙi, a nan ya cika a 1924. Kaburburansu suna cikin garin, nesa da fadojin da aka raba su da su.

Ruwan da ke ƙasa

Daga sama ana ganin yadda unguwanni suka malala cikin fadamar kogi, inda ruwa ke kwanciya idan ya yi yawa. A 2012 da 2022 ambaliya ta mamaye sassan Lakwaja, ta datse hanyar Abuja, matafiya da manyan motoci suka kwana a kan titi. Ruwan sama mai yawa a sassan kogunan biyu, da sakin ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru, da gine-gine a kan hanyar ruwa, duk suna da hannu a ciki.

Saboda haka Dutsen Patti ya wuce wurin ɗaukar hoto. Matsayin da ya jawo wa garin ciniki da mulki shi ne kuma yake jawo masa ambaliya, kuma daga kan tudun ana iya nuna da yatsa gidajen da ruwa zai fara shiga idan hukuma ta sake yin sakaci.