Daga Karari zuwa Burmi, ta hanyar ƙasar Bowa

'Yan'uwa na Mai Wurno, Sinnar, Madani da sauran ƙauyukanmu na Jazira,

Akwai tambayar da samarinmu kan yi wa dattawa a majalisa, wani lokaci da sigar zolaya: in dai gudun Nasara ne ya fito da kakanninmu daga Sakkwato, yaya suka sauka a ƙasar da Nasara ya riga su shiga? Tambayar ba ta banza ba ce. Sai dai mai son amsarta ya ɗaga kai ya dubi ƙarshen nahiyar nan ta kudu, domin abin da ya same mu da abin da ya sami mutanen can aikin hannu ɗaya ne.

Ranar 2 ga Satumba 1898 Kichina ya karya rundunar Halifa Abdullahi a Karari, bayan Umdurman. Da ƙyar shekara ta zagayo sai yaƙi ya tashi tsakanin Ingila da Bowa a Afirka ta Kudu, aka tura shi can. Bowa Turawa ne manoma, akasarinsu 'yan asalin Holan. Tun shekarun 1830 suka ɗaura kaya a kekunan shanu suka bar gaɓar Kef don gudun mulkin Ingila, musamman da ta soke bauta a 1834. Kada mai karatu ya yi saurin kiran wannan hijira irin tamu: inda suka nufa ƙasa ce mai masu ita, Zulu da Ndebele da Sutu, kuma da bakin bindiga suka zauna. Da aka gano zinariya a Transbal a 1886, Ingila ta bi su har gida.

Kichina ya ƙone gonakinsu, ya tattara iyalansu a sansanoni, inda fiye da 26,000 suka mutu, mafi yawansu yara. Baƙar fata ma an tsare su a nasu sansanonin daban, dubbai sun mutu, amma ba a damu da ƙidaya su yadda ya kamata ba. Duk da wannan, dubi yadda rigimar ta ƙare. A sulhun 31 ga Mayu 1902 Ingila ta yi alkawarin fam miliyan 3 don gyaran ɓarnar yaƙi, ta kuma yarda a jingine maganar ƙuri'ar baƙar fata har sai Bowa sun sami mulkin kansu. A 1910 aka haɗe ƙasar, shugaban gwamnatinta na farko shi ne Luwis Bota, wanda jiya-jiya yake harbin sojan Ingila. A 1913 doka ta killace 'yan ƙasa a wajen kashi 7 cikin 100 na ƙasar kakanninsu. Faɗan 'yan'uwa ne aka yi, aka shirya a kan bayan wani.

Wata takwas da 'yan kwanaki bayan wancan sulhu, Kano ta faɗi, ranar 3 ga Fabrairu 1903. Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya ɗauki tuta ya yi gabas, niyyarsa Makka, jama'a suka bar gonakinsu suna binsa gari-gari. Shi ba a aiko masa da takardar sulhu ko fam ko ɗaya ba. Lugga ya naɗa wani a gadonsa cikin mako guda, sojoji suka bi sawunsa har Burmi, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli tare da mutane fiye da 600, Allah Ya jiƙansu. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a, bayan 'yan shekaru suka iso bakin Nilul Azraƙ ta wajen Shehu Ɗalha, garin nan ya samo sunansa daga gare shi.

Ga wani suna da ban taɓa jin dattawa sun ambata ba, alhali ya taka duka ƙasashen uku: Fasi Jiruwad, injiniya ɗan Kanada. Shi ya shimfiɗa wa Kichina dogo cikin hamada daga Wadi Halfa zuwa Abu Hamad a 1897. Shi ya riƙe jiragen ƙasa na soja a yaƙin Bowa. A 1907 kuma shi ya gaji Lugga a Arewa, ya soma layin Baro zuwa Kano. Mutanenmu na tafe a ƙafa da jakuna, abokin gabarsu na tafe a kan ƙarfe, ta gaba da ta baya.

To, ga amsata ga samari. Kakanninmu ba ƙasar da babu Nasara suka rasa ganewa ba, irin wannan ƙasa ce ta ƙare a hanyar alƙibla. Abin da suka ƙi shi ne su zauna a gida su yi mubaya'a ga wanda ya kashe limaminsu, kuma wannan kam ba su yi ba. Gwamnatin Hartum ta bar Mai Wurno da jama'arsa su yi noma. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, auduga ta buƙaci hannu, 'ya'yan mutanen Burmi na cikin waɗanda suka tsince ta, ana loda ta zuwa masaƙun Ingila.