Tsofaffin fina-finan Hollywood na soyayya da sata: yadda suka ratsa ƙasar Hausa

Kafin fina-finan Indiya su mamaye gidajen silima a arewacin Najeriya da Jamhuriyar Nijar, fina-finan Amurka da na Ingila ne 'yan kallo suka fara sabawa da su.

Mafi yawansu an shirya su ne a zamanin da masana ke ɗauka a matsayin lokacin da Hollywood ke ganiyarta, wato daga wajajen 1930 zuwa shekarun 1960. A lokacin, manyan kamfanoni irin su MGM da Warner Brothers da Paramount ne ke riƙe da ragamar harkar.

Ban da fina-finan kaboyi, akwai rukuni biyu da suka yi fice a wannan zamani: na soyayya, da kuma na sata ta dabara, inda gungun ƙwararru ke ƙulla yadda za su kwashe dukiya daga wurin da ake ganin ba ya shiguwa.

Zuwan silima Kano

An buɗe silimar Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwar birni, kuma 'yan kasuwa 'yan Labanan ne suka daɗe suna riƙe da harkar shigo da fina-finai da nuna su.

Jama'a dai ba su karɓi abin hannu biyu ba tun da farko. Malamai da dattawa sun riƙa kallon silima a matsayin matattarar 'yan iska, har wasu na kiran ta dodon bango.

Wannan ƙyama ta ƙaru bayan gobarar da ta tashi a silimar El Duniya ranar 13 ga watan Mayun 1951, wadda ta hallaka mutane 331.

Duk da haka, a 1952 aka buɗe silimar Palace a unguwar Jakara, kusa da Kasuwar Kurmi, ita ce ta farko a cikin birni.

Mazauna karkara kuwa majigi suka fi sani, wato motocin gwamnati da ke yawo gari-gari suna nuna hotunan wayar da kai kan kiwon lafiya da noma, kyauta a fili.

Dokar da ta ɗaure Hollywood

Abin da ya bambanta fina-finan wancan zamani da na yanzu shi ne dokar tace fina-finai da kamfanonin Amurka suka ɗora wa kansu, wadda aka fi sani da dokar Hays. An amince da ita a 1930, aka fara aiki da ita gadan-gadan a 1934.

Dokar ta haramta nuna tsiraici da sumbatar da ta wuce kima, ta kuma hana a nuna mai laifi ya ci bulus. Duk ɓarawon da ya yi sata a fim, tilas ne a ga ƙarshensa bai yi kyau ba.

Wannan ya sa marubuta da daraktoci suka koma dogaro da zance mai harshen damo, da kallo, da shaguɓe, domin isar da abin da ba a yarda a nuna ƙuru-ƙuru ba.

Soyayyar da ke ƙarewa da haƙuri

Fim ɗin Casablanca na 1942, wanda Michael Curtiz ya ba da umarni, shi ne aka fi buga misali da shi. Humphrey Bogart ya fito a matsayin mai gidan shaƙatawa a ƙasar Maroko lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, inda tsohuwar masoyiyarsa, wadda Ingrid Bergman ta fito a matsayinta, ta bayyana tare da mijinta suna neman hanyar tsere wa 'yan Nazi.

A ƙarshe ya danne zuciyarsa ya taimaka musu suka tafi tare. Fim ɗin ya samu lambar yabo ta Oscar ta gwarzon fim.

Haka ma Roman Holiday na 1953, inda Audrey Hepburn ta fito a matsayin gimbiyar da ta sulale daga masaukinta a birnin Rum, ta haɗu da wani ɗan jarida Ba'amurke, wato Gregory Peck. Bayan yini guda suna yawo, sai ta zaɓi komawa ga nauyin sarautar gidansu.

A duka fina-finan biyu, mutunci da sauke nauyi ne suka rinjayi son rai.

Ɓarayin da ba sa cin riba

Ana danganta kafuwar salon fina-finan sata ta dabara ga The Asphalt Jungle na John Huston, wanda ya fito a 1950. Tsarinsa ne aka yi ta bi daga baya: a tara gwanaye, kowa da fanninsa, a tsara aiki dalla-dalla, a aiwatar, sannan wani ƙaramin kuskure ya wargaza komai.

A The Killing na Stanley Kubrick, na 1956, an yi fashin dala miliyan 2 a filin sukuwar dawaki, amma akwatin kuɗin ya fashe a filin jirgin sama, iska ta watsa su.

A Ocean's 11 na 1960 kuwa, Frank Sinatra ya jagoranci tsofaffin sojoji suka yashe gidajen caca 5 a Las Vegas cikin dare ɗaya. Sun ɓoye kuɗin a akwatin gawar ɗaya daga cikinsu, aka ƙona gawar tare da kuɗin.

Da aka sake shirya fim ɗin a 2001 tare da George Clooney, ɓarayin sun tsira da ganimarsu, abin da ke nuna yadda zamani ya sauya.

Akwai kuma waɗanda suka gwama soyayya da sata, kamar To Catch a Thief na Alfred Hitchcock, na 1955, inda Cary Grant ya fito a matsayin tubabben ɓarawon lu'ulu'u da ke farautar mai kwaikwayonsa domin ya wanke kansa, tare da Grace Kelly. Sai Charade na 1963 da How to Steal a Million na 1966, dukkansu da Audrey Hepburn, kuma a birnin Paris.

Tasiri a kan matasa

Shaida mafi ƙarfi kan yadda jaruman Amurka suka shiga zukatan matasan Afirka ta Yamma tana cikin fim ɗin Moi, un noir na 1958, wanda Bafaranshen nan Jean Rouch ya ɗauka a unguwar Treichville da ke Abidjan.

Fim ɗin ya bi rayuwar matasa 'yan ci-rani daga Nijar, waɗanda suka laƙaba wa kansu sunayen taurarin silima. Babban jaruminsa, Oumarou Ganda, yana amsa sunan Edward G. Robinson, ɗan wasan da ya yi suna wajen fitowa a matsayin gawurtaccen ɗan daba a Hollywood.

Ganda ya zama darakta daga baya, kuma fim ɗinsa Le Wazzou polygame ya lashe babbar lambar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972.

Shi ma Moustapha Alassane na Nijar ya shirya Le Retour d'un aventurier a 1966, kan wani matashi da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka addabi ƙauyensu.

Yadda Indiya ta karɓe fage

Tun daga shekarun 1950 'yan Labanan suka fara shigo da fina-finan Indiya, kuma ba a daɗe ba suka samu karɓuwa.

Masanin nan Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya rubuta cewa a lokacin ana nuna fim ɗin Indiya dare 5 a mako, na Hong Kong dare ɗaya, na Amurka dare ɗaya.

A cewarsa, labaran auren dole, da biyayya ga iyaye, da kunya tsakanin saurayi da budurwa, sun fi kusa da rayuwar Bahaushe.

Ita kuma Hollywood ta yi watsi da dokar Hays a 1968, ta maye gurbinta da tsarin rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo, lamarin da ya buɗe ƙofar nuna abubuwan da a da aka hana.

Da aka fara fina-finan Hausa na bidiyo da Turmin Danya a 1990, Indiya ce akasarin masu shiryawa suka fi koyi da ita. Batun tarbiyya kuwa ya sake tasowa, har gwamnatin jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001.

Abin da ya rage

Akasarin tsofaffin gidajen silimar Arewa sun rufe. Kallo ya koma kaset, sannan faifai da tauraron ɗan Adam, yanzu kuma wayar hannu, daga Kano har zuwa garuruwan gaɓar tafkin Kainji irin su Yelwan Yauri da Ngaski.

Wasu daga cikin tsofaffin fina-finan suna samuwa kyauta a intanet. Charade, alal misali, ya zama mallakar kowa a Amurka saboda kuskuren da aka yi wajen rubuta shaidar haƙƙin mallaka a jikinsa.

Sai dai da yawa sun salwanta. Wani rahoto na Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka a 2013 ya ce kashi 70 cikin 100 na dogayen fina-finan ƙasar na zamanin da babu magana sun ɓace baki ɗaya.

Irin wannan haɗari ne ya kusa rutsawa da Shaihu Umar, fim ɗin Hausa na 1976 da Adamu Halilu ya shirya daga littafin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. An daɗe ana zaton ya ɓata, kafin a gano shi a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Najeriya a 2016, aka gyara shi a Jamus, aka nuna shi a bikin fina-finai na Berlin a 2018.