Tambarin da ke jikin tsohuwar bindiga

 Yau hirar tamu a kan tsofaffin bindigogin soja ce, da yadda ake gane ƙasar da ta ƙera kowace. Kada gaban kowa ya faɗi, ban ajiye ko ɗaya ba. Tarin nawa a littafi yake: hotuna, zanen tambura da shekaru.

Abin ya samo asali ne tun ina yaro ina bin mahaifina kasuwannin ƙauye sayen citta. Akwai wani dattijo mai gadin sito, ɗan wani tsohon sojan Boma, da ya ga ina ƙura wa bindigar wani ɗan sanda ido. Sai ya ce, "Yaro, waccan mak-fo ce, ta girmi babanka. Da za ka duba wuyanta, ƙasar da ta ƙera ta da shekarar duk suna nan a rubuce." Daga ranar na fara bincike, na kuma gano cewa mai iya karanta waɗannan tambura zai iya karanta tarihin ƙasar nan.

Mu fara da bindigar toka, wadda ake kira harbi-ka-ruga. Turawa na ce mata bindigar Danmak, saboda 'yan kasuwar ƙasar Danmak da suka yi zama a gaɓar tekun Ankara suna sayar da ita, ko da yake da yawa daga cikinsu a Bamingam ta Ingila da Liyej ta Beljiyam aka ƙera su. Ta baki ake ɗura mata albarushi, ƙanƙara ke ba ta wuta. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa Sarki Babba Zaki, wanda ya yi mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaronsa. A Damagaram kuwa, Sarki Tanimu ya kai ga sa maƙera su zuba masa igwa a cikin birnin Zindar.

To me ya sa duk da haka Turawa suka ci ƙasar da 'yan sojoji kaɗan? Wani ɓangare na amsar yana cikin yarjejeniyar da ƙasashen Turai suka ƙulla a birnin Burasal a 1890. A cikinta suka hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, suka bar musu ta toka kawai. Su kuwa sojojin da Lugga ya kafa a 1897 suna riƙe da bindigogin Martini da na Lee, masu ɗaukar harsashi ta baya, ga kuma bindiga mai ruwa ta Maxim da ke zubar da harsashi ɗaruruwa a minti guda. Nan kusa da mu, a Keffi, Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a watan Oktoba na 1902 ya tsere Kano, Turawa suka samu hujjar da suke nema. Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a watan Yuli. Jarumta ba ta yi ƙaranci ba, makami ne ya bambanta.

Gane Martini ba shi da wuya. Harsashi ɗaya take ɗauka, kuma tana da wani hannu a ƙarƙashi bayan kunama, wanda idan aka ja shi ƙasa sai gidan harsashi ya buɗe. A gefenta za ka ga kambin sarauta da haruffan VR, wato Sarauniya Biktoriya. Kusan duk kayan sojan Ingila kuma suna ɗauke da wata 'yar alama mai kama da kan kibiya, ma'anarta kayan gwamnati ne.

A yaƙin duniya na farko kakanninmu sun haɗu da bindigar Jamus, Mauser, a Kamaru. Garwa ta faɗi a 1915, Mora ta miƙa wuya a 1916. Mauser samfurin 98 harsashi biyar take ci, kuma gidan harsashinta a ɓoye yake cikin katako, bai leƙo waje ba. A samanta ake buga sunan masana'anta da shekara. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa bindigogin Faransa suka sani, irin su Gras, Lebel, daga baya MAS-36, waɗanda da yawansu ke ɗauke da sunan garin Santetiyen inda aka ƙera su.

Sai mak-fo, wadda dattijon nan ya nuna mini. Sunanta na asali Lee-Enfield lamba 4, sojan Ingila suka karɓe ta a 1941. Harsashi goma take ɗauka, gidan harsashin ya leƙo ƙasa gaban kunama. Yayarta, samfuri na 3, katako ya rufe ta har baki, ita kuwa lamba 4 bakin ƙarfenta ya ɗan fito. Irin waɗannan bindigogi ne runduna ta 81 da ta 82 na sojojin Afirka ta Yamma suka riƙe a dazuzzukan Boma tsakanin 1943 da 1945. Abin da ya fi burge ni shi ne, ba Ingila kaɗai ta ƙera lamba 4 ba. Idan ka ga an rubuta Long Branch, ta Kanada ce. Idan ka ga rubutun da ke cewa mallakar Amurka ce, kamfanin Savage ya yi ta. Abokan gabarsu na Japan kuwa Arisaka suke riƙe da ita, mai tambarin fure a sama, alamar sarkinsu. Da Japan ta sha kashi, an goge furen daga yawancinsu kafin a miƙa su.

Bayan samun mulkin kai, Najeriya ta kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna a 1964, da taimakon kamfanin Fritz Werner na Jamus ta Yamma, ta fara da haɗa bindigar Beretta BM-59 ta Italiya. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya mayar da ƙasar kamar kasuwar Allah-na-tuba ta makamai: gwamnatin tarayya ta samu na Ingila da na Tarayyar Sobiyet, Biyafara ta samu na Cekoslobakiya da waɗanda Faransa ta biyo da su ta Gabon da Kwaddibuwa. A wannan zamanin ne kalashinkof ta samu gindin zama a nan. Ita ma tana da nata tambura. Kibiya cikin kusurwa uku ta masana'antar Izhevsk ce ta Rasha, tauraro na Tula ne, lamba 66 cikin kusurwa uku kuma ta Sin ce.

A Amurka da wasu ƙasashen Turai, bayan yaƙin duniya na biyu an yi gwanjon miliyoyin irin waɗannan bindigogi, har tara su ya zama abin sha'awa kamar yadda wasu ke tara kan sarki. A nan doka ba ta yarda ba. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa bindigar soja cikin jerin haramtattu, ba mai riƙe ta sai da lasisin shugaban ƙasa, kuma hukuncin wanda aka kama da ita ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Ko ta toka ma, kwamishinan 'yan sanda na iya hana riƙe ta ba tare da lasisi ba. Mai son gani da ido ya je gidan tarihin yaƙi na Umuwahiya, wanda aka kafa a 1985, ko Gidan Makama a Kano.

Ga inda maganar ta shafe mu. Wannan ilimi na karanta tambari shi ne masu bincike ke amfani da shi yau. A 2020 wata ƙungiya mai suna Conflict Armament Research ta fitar da rahoto kan makaman da aka ƙwace a jihohin Kaduna, Katsina da Zamfara. Ta gano wasu sun fito daga rumbunan Libiya, waɗanda suka watse bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, wasu daga na Kwaddibuwa, wasu kuma daga hannun jami'an tsaronmu. An kankare lambobin wasu da gangan don kada a gano asalinsu. Wato bindigar da wata gwamnati ta saya don wani yaƙi can, yaƙin ya ƙare, ita ba ta mutu ba, ta zo tana tare hanyar Jere.

Iyayenmu sun ga rikicin Kafancan na 1987 da na Zangon Kataf na 1992. Mu kuma muna yara muka ga na 2011, lokacin da kasuwar Kafancan ta ƙone. An yi asarar rayuka a kowane ɓangare, Musulmi da Kirista. Na kan ji wasu samari a majalisa suna cewa gara kowa ya nemi tasa ya ajiye. Ni dai abin da littafina ya koya mini shi ne, bindiga tana daɗewa fiye da dalilin da ya sa aka sayo ta. Wanda ya ajiye don tsoron maƙwabci zai mutu ya bar ta, ɗansa ko ɓarawo ya gaje ta da wata niyya daban. Mu 'yan kasuwa ne, jarinmu hanya ce a buɗe da amanar Koro, Gwari da Jaba da ke kawo mana citta da doya, wani lokaci ma bashi. Ranar da harbi ya tashi, rumfarmu ce ke fara cin wuta.

Don haka wanda ya gaji wata tsohuwar bindiga a ɗakin kakansa, ya sanar da mai unguwa su je wurin hukuma tare. Wanda kuma yake da hoton kakansa da kakin Boma, ko lambar yabo, ko takardar sallama, ya adana su da kyau, ya nuna wa 'ya'yansa. Idan an ba ni dama zan zo in kwafa in ƙara a littafina.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya zaunar da Kudancin Kaduna lafiya.