Karatun Kasuwanci Mai Zurfi a Jihar Damagaram: Inda Matameye Ta Tsaya

Hanyar da ta ɓalle daga Takieta ta nufi kudu, ita ce ta ratsa Matameye, hedikwatar gundumar Kance, ta sauka Ɗan Barto, ta tsallaka Kwangwalam, ta bi ta Daura har Kano. Daga Zinder, wato Damagaram, zuwa Kano tafiyar kilomita kusan 240 ce, alhali Yamai tana nesa da kusan kilomita 900. Wannan tazarar ita ce ginshiƙin duk wata magana a kan kasuwancin yankin, har da maganar inda za a koyar da shi.

Fatauci ba baƙo ba ne a nan. A zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, Damagaram zango ce babba tsakanin Kano da Tarabulus, inda ake ɗaure fatu da gashin jimina a aika arewa. Attajirai irin su Malam Yaro sun yi hulɗar bashi da wakilci da Larabawan Gadamas tun kafin Faransawa su kama garin a 1899. Bayan da aka mayar da babban birnin mulkin mallaka Yamai a 1926, gyaɗa ce ta riƙe kudancin jihar. Har masana'antar man gyaɗa aka yi a Matameye, kuma kamfanin SONARA da aka kafa a 1962 ya mamaye sayen gyaɗar, kafin fari da cutar shuka na shekarun 1970 su durƙusar da harkar. Abin lura shi ne, a duk waɗannan zamanai ilimin ciniki a hannun ubangida yake. Yaro ya bi maigida kasuwa, ya koyi awo da lissafi da riƙon amana, in ya ƙware a ba shi jari.

Makarantar boko ta zo a makare, kuma da ta zo ba ta fuskanci kasuwa ba. A 2010 aka kafa jami'o'in Zinder, Maraɗi da Tawa, aka yi musu rabon fannoni. Tsangayar shari'a, tattalin arziki da gudanarwa ta faɗa wa Tawa. Jami'ar Zinder, wadda yanzu take ɗauke da sunan André Salifou, masanin da ya rubuta tarihin masarautar Damagaram, ta fara ne da adabi da nazarin al'umma, sai cibiyarta ta fasaha da ke koyar da abubuwa irin su sufuri da sarrafa kaya. Saboda haka ɗan Matameye mai neman digiri na biyu a gudanar da kasuwanci yakan duba Yamai ko Tawa, mai hali ya nufi makarantar CESAG a Dakar. In kuma ya juya kudu, akwai makarantar kasuwanci ta Ɗangote a Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Sun fi kusa, amma da Turancin Ingilishi ake karatu, shi kuwa da Faransanci ya tashi.

Nisa ba shi ne babbar matsalar ba. Matsalar ita ce kowace makaranta rabin duniyar ɗan kasuwar iyaka take koyarwa. Wanda ya yi karatu a Yamai zai fito da sanin dokokin kasuwanci na OHADA da tsarin ajiyar lissafi na ƙasashen sefa, kuɗin da aka ɗaure da yuro a kan 655.957. Wanda ya yi a Kano zai san dokar kamfanoni ta Najeriya da halin naira, wadda aka sakar wa mara a Yunin 2023 ta zube. Dillalin wake ko na dabbobi a Matameye kuwa da kuɗin biyu yake kwana yana tashi, ribarsa na iya narkewa a wurin ɗan canji kafin mota ta sauke kaya. Ya ga rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, ya kuma ga takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ya san yadda ake shiryawa da duwan ta ɓangarori biyu. Wannan ilimi ne na gaske, sai dai a ka yake, ba ya cikin manhaja, kuma yakan bi mai shi kabari. Binciken Emmanuel Grégoire a kan Alhazan Maraɗi, da ya fito a 1986, ya nuna cewa ana iya rubuta irin wannan ilimi a nazarce shi.

Ga kuma sabbin buƙatu. Matatar man fetur ta SORAZ tana aiki tun 2011, tana neman masu lissafi da masu tsara jigila. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake shimfiɗawa zai bi ta Daura, wato bakin ƙofar Matameye. Manoman rake da kayan lambu na fadamun Korama su ma ƙungiyoyinsu na buƙatar wanda ya iya tsara ajiya da neman kasuwa.

A ganina kwaikwayon abin da ake yi a Dakar ko Legas ba zai amfani jihar ba. Abin da ya dace shi ne Jami'ar Zinder ta buɗe digiri na biyu a cinikin ƙetare iyaka tare da Jami'ar Bayero, a koyar da dokokin ƙasashen biyu, a shigar da Hausa cikin aji tunda da ita ake ƙulla cinikin, a kuma tura ɗalibai su yi bincikensu a kasuwannin Matameye, Magarya da Mai'aduwa.