Kakar 1971 ta Jami'ar Marshall: Shekarar da aka sake gina ƙungiya bayan hatsarin jirgi

A tarihin ƙwallon ƙafar Amurka na jami'o'i, wato wasan da ake ɗaukar ƙwallo a hannu ana kutsawa cikin abokan karawa, kakar 1971 ta Jami'ar Marshall na cikin waɗanda ba a auna su da yawan nasara. Ƙungiyar, wadda ake wa laƙabi da Thundering Herd, ta ci wasa biyu kacal, aka doke ta a takwas. Duk da haka har yau birnin Huntington na jihar West Virginia yana ɗaukar kakar a matsayin wadda ta ceto ƙungiyar daga rushewa.

Abin da ya faru kafin kakar

A daren 14 ga Nuwamba, 1970, jirgin sama ƙirar DC-9 da ya ɗauko tawagar daga jihar North Carolina, inda East Carolina ta doke su da ci 17 da 14, ya faɗi a kan wani tudu dab da filin jirgin Tri-State. Mutum 75 da ke ciki duk suka rasu, ciki har da 'yan wasa 37, da babban mai horarwa Rick Tolley, da magoya baya daga cikin manyan garin. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa jirgin ya sauko ƙasa fiye da ƙa'ida cikin ruwan sama da hazo, alhali matuƙan ba sa ganin titin sauka.

Sake gini

An yi tunanin rufe ƙungiyar baki ɗaya, amma daga bisani jami'ar ta ɗauko Jack Lengyel daga Kwalejin Wooster ta jihar Ohio. A wancan lokacin dokar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, ta hana ɗaliban shekarar farko buga wa babbar ƙungiya, sai aka ɗaga wa Marshall ƙafa. Lengyel ya haɗa sababbin ɗalibai da 'yan ƙalilan da ba su bi jirgin ba, ya kuma aro 'yan wasa daga wasu fannoni kamar ƙwallon kwando. Bobby Bowden, mai horar da Jami'ar West Virginia, ya buɗe musu ƙofa domin su koyi salon kai hari da ya dace da matasa marasa gogewa.

Yadda kakar ta gudana

Morehead State ta lallasa su da ci 29 da 6 a wasan farko. Ranar 25 ga Satumba kuwa, a wasansu na farko a gida, Reggie Oliver ya jefa wa Terry Gardner ƙwallo a daƙiƙar ƙarshe, Marshall ta doke Xavier da ci 15 da 13. Nasara ta biyu ta zo ne a kan Bowling Green, 12 da 10.

Abin da ya biyo baya

Farfaɗowar ta ɗauki lokaci, domin sai a 1984 ƙungiyar ta sake kammala kaka da nasarori fiye da rashin nasara. Daga baya ta lashe kofin ƙasa na rukunin I-AA a 1992 da 1996. Har yanzu kowace 14 ga Nuwamba ana kashe ruwan maɓuɓɓugar tunawa da ke harabar jami'ar, ba a sake kunna ta sai bayan hunturu ya wuce.